Wai Ban Taɓa Cin Nama Ba

Abin da na fara gani da na fito ƙofar filin jirgi shi ne bayan waya. Wata doguwar mata ce ta ɗaga ta daidai fuskarta tana tahowa wajena, rigar wayar da hoton jan zakara a jiki. Sai da ta zo dab da ni sannan na ga rabin fuskarta, ido ɗaya da jan baki. Na rusuna zan gaishe ta, ta yi mini alama da hannu in koma baya in sake fitowa, wai ba ta kama fitowata da kyau ba. Na ja balis ɗina, akwatin kayana, na koma. Na sake fitowa. Wannan karon ta rungume ni da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana sama da wayar.

"Kisa!" in ji ta. "Barka da zuwa Amurka, Kisa!"

Sunana Balkisa. Ta ce ya yi mata tsawo, ta yanke shi. Ban iya gaya mata abin da guntun da ta bari yake nufi da Hausa ba, kuma haka ta kira ni har na bar gidanta.

Ni ƴar Madarumfa ce, kusa da Maraɗi. Ina lise, wato sakandare, wata ƙungiya ta zaɓe ni cikin ɗaliban da za su yi shekara guda suna karatu a can, kowa a gidan wasu mutane. Ingilishina na aji ne, ina ji fiye da yadda nake iya mayarwa. Mahaifina Mamman mahauci ne, teburinsa yana bakin kasuwa, kuma duk wanda ya san garinmu ya san shi. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya.

Daga filin jirgi muka yi tafiya mai nisa a mota zuwa wani ƙaramin gari. Ƙasa shimfiɗe, shanu cikin shingen waya ba makiyayi, gidaje ba katanga ba zaure. Ba wanda ke zaune a ƙofar gida. Mijin matar ne yake tuƙi, wani ƙaton mutum mai hula da farin gashin baki, wanda bai ce komai ba tun daga "sannu" har muka isa. Matar ta ce in riƙa kiranta da sunanta tsirara, Sharon. Bakina ya ƙi. Na ce mata Madam, shi kuma Maigida, aka zauna a haka.

Ɗakin girkinta ya fi ɗakin Inna girma. Akwai fitilu masu dogayen ƙafafu a tsaye, da wani ƙarfe da ake maƙala waya a kai. A hankali na gane sana'arta. Girki take yi tana ɗauka, tana sa wa mutane a intanet. Abinci zai sauka da zafinsa, ba mai taɓawa sai ta juya farantin nan da can, ta goge bakinsa da tsumma, ta ɗauka ta sama, ta ɗauka ta gefe. Kafin mu ci ya huce.

Cin ma wani aiki ne. A gidanmu ban taɓa zama gaban Baba ina tauna ba. Ana kai masa nasa, mu kuma mu ci namu da Inna. A nan kuwa kujerata tana kallon ta Maigida, ina jin ƙarar haɗiyata a kunnena. Kuma ban san wa ya yanka namansu ba, ban san da me ya yanka ba, saboda haka burodi da ƙwai da dankalin turawa kawai nake ci. Madam ba ta lura ba. Maigida ne ya lura. Wata Asabar ya fita tun da safe, bai dawo ba sai la'asar, ya ajiye wata jakar ƙanƙara a gabana. Naman shanu ne a ciki, takardar da aka naɗe shi da rubutun Larabci. Ya ce akwai wani Basudane mai yanka a babban birni.

"Naki ne," ya ce. Ya tafi ya kunna telebijin.

Na tsaya da naman a hannu ban san yadda zan gode masa ba. Naman cinya ne, ja mai kyau, ba jijiya. Madam ta leƙo ta bayana, ta ga naman, idonta ya yi haske. Ta ce gobe za ta yi mini abincin garinsu, wanda kakarta ta koya mata. Sunansa a Ingilishi yana da kaza a ciki, amma ba kaza ko ƙafa ɗaya. Wai don ana soya shi yadda ake soya kaza.

Washegari ta kunna fitilun nan duka, ta tsayar da ni gefenta, ta gyara mini ɗankwali da hannunta ba ta tambaye ni ba. Ta yanka naman fale-fale kamar tafin hannu, ta shimfiɗa a kan katako, ta ɗauko wata ƴar guduma mai haƙora ta fara bugu. Tana bugu yana faɗi, yana laushi, har ya kusa cika faranti. Ta barbaɗa gishiri da masoro. Ta jera kwanoni: ɗaya fulawa, ɗaya ƙwai da aka kaɗa da nono mai tsami. Ta tsoma naman a fulawa, ta tsoma a ƙwai, ta mayar da shi fulawa tana dannawa da yatsu.

Bugun nan ne ya cuce ni. Tun da na zo ban ji an daka komai ba. A garin nan ba turmi, ba tabarya, safiya tana zuwa shiru kamar an yi rasuwa. Da gudumar ta fara sauka a kan katako sai na ji ni a tsakar gidanmu bayan Layya, Inna tana dakan dambun nama, Yaya Hadiza tana tsincewa, ni ina korar kaji. Ban san hawaye ya zubo ba sai da na ji gishirinsa a leɓe. Na goge da bakin ɗankwali. Madam ta gani, ta ce, "Wayyo, Kisa," ta ci gaba da aikinta.

Ta ɗora wani baƙin kasko mai nauyi, ta zuba mai ba da yawa ba, ya yi zafi, ta kwantar da naman. Ya soyu ya yi ja-ja, ɓawonsa ya tashi, ta juya, ta tsame. Sai ta rage man, ta bar ɗan kaɗan da ɓurɓushin da ya ƙone a gindi, ta zuba fulawa tana juyawa, sannan ta riƙa tsiyaya madara a hankali har ya yi kauri, fari, da ɗigon masoro baƙi-baƙi a ciki. Na zaci kunu ne za a sha daga baya. Sai na ga ta kwarara shi a kan naman.

Ta juyo ta tambaye ni a hankali, kalma bayan kalma, yadda take yi mini magana kullum: "Kin taɓa cin wannan a gidanku?"

Na ce, "A'a. Ban taɓa ba."

Gaskiya na faɗa. Wa zai zuba kunun fulawa a kan nama a Madarumfa?

Muka zauna. Na fara da dankalin da aka dama a gefe, na tura naman bakin faranti. Haka aka koya mini. A gidanmu nama ƙarshe ake ci, yaron da ya fara kai hannu kansa sai ya sha suna har ya girma. Ga Maigida a gabana, ga waya a kan ƙarfenta tana kallona. Madam ta matso da ita.

"Ci mana. Kada ki ji tsoro. Naki ne duka."

Na yanki ɗan kaɗan na sa a baki. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi. Ɓawon yana ƙaras-ƙaras, cikin yana da laushi, farar miyar kuma ba laifi, yaji kawai take nema. Na ce na gode. Na wanke kwanoni. A ganina an gama ke nan.

Bayan ƴan kwanaki abubuwa suka canza a makaranta. Wata malama da ba ta taɓa yi mini magana ba ta tsare ni a hanya ta riƙe hannuna tana kallona kamar marar lafiya. A wurin cin abinci wata yarinya ta ajiye mini nata ta tafi. Matar da ke raba abinci ta ƙara mini cokali biyu tana girgiza kai. Na duba rigata, na duba takalmina, ban ga komai ba. Wadda muke zama benci ɗaya, Marisol, iyayenta ƴan Meziko, ita ce ta ja ni gefe.

"Kin san an sa ki?" ta ce.

Ta miƙo mini wayarta.

Ni ce. Ga ni ina kuka, an sa wani kiɗa mai sanyi a ƙasa. Ga ni ina cewa ban taɓa ba, amma an cire tambayar. Ga ni ina kallon naman a bakin faranti ban taɓa shi ba, an ja wurin ya yi tsawo, kamar ina tsoron ya cije ni. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa yarinya daga Afirka ta ga nama karo na farko a rayuwarta. A ƙasa mutane ba iyaka suna sa hoton fuska mai hawaye, suna sa wa Madam albarka.

Marisol ta ce, "Ƙarya ne ko?" Na ɗaga kai. Ta yi wata ashar da yarensu, ta ce in da uwarta aka yi wa haka da yanzu wayar tana cikin tukunya.

Ni ban jefa komai a tukunya ba. Na koma gida na gaishe da Madam kamar kullum, na shiga ɗaki na rufe. Na gaya wa kaina abin da Ingilishi yake, kuma Madarumfa tana da nisa.

Ba ta da nisa. Wani ɗan ƙasarmu da ke zaune a Amurka, mai sa bidiyoyi don a yi dariya, ya ɗauki abin ya ɗora muryarsa da Hausa. Ya ƙara nasa gishirin. Wai ga wata ƴar Maraɗi ta shaida wa turawa cewa a gidan ubanta ko ƙashi ba a lasa. Daga waya zuwa waya ya isa Maraɗi, ya bi hanyar Ɗan Issa, ya shiga garinmu. Na tashi da safe na tarar da saƙon murya daga Yaya Hadiza. Ko sallama ba ta yi ba.

"Ke Balki, haukacewa kika yi? Mi Baba ya yi maki? Wane dare kika kwana ba ki ga romo ba gidan ga? Ke da ake ɓoye ma hanta saboda ba ki son kitse! To ki saurara ki ji abin da kika jawo."

Wanda ba ɗan wajenmu ba sai na yi masa bayani. Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kakanni. Masunci zai iya tsayawa gaban mahauci ya faɗa masa duk abin da ya zo bakinsa, mahauci ba shi da ikon yin fushi, sai dai ya rama. Garinmu kuwa bakin tabki yake, masunta sun fi mahauta yawa. Babban abokin wasan Baba shi ne Ɗan Ladi, wani siririn tsoho mai murya kamar kakaki. Tun ina ƙarama nake jin su. Shi ya ce wa Baba mai ƙudaje, Baba ya ce masa surukin kwaɗo. Kullum Baba ne da ta ƙarshe.

Yaya ta ce ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da mutane suka fi yawa, Ɗan Ladi ya zo da kwando a ka, wasu masunta na biye da shi. Ya sauke a kan teburin Baba, tarwaɗa ce cike tana motsi. Ya ɗaga murya ya ce, "Mamman, ga sadaka. Ka kai ma yara su san abin da ake taunawa. Ashe duk shekarun ga ƙaho kake kai masu gida?" Wani ya ce a'a, kofato ne. Wani ya kunna bidiyon ya ɗaga sama. Kasuwa ta ɗauka.

Baba ya yi dariya, don dole ne ya yi. Ya buɗe baki zai rama, bai sami abin faɗa ba. Me zai ce, ga ɗiyarsa tana kuka a gaban nama? Ya dawo gida bai ci tuwo ba. Tun ranar, kowace safiya sai wani masunci ya bi ta gaban teburinsa ya tambaye shi ko yara sun karya. Abin ya wuce masunta ma. Wata mai sayen nama ta ce masa cikin tausayi, ya riƙa rage wa iyali ko da tsoka ɗaya ce, duniya ba ta da tabbas. Wannan ta fi yi masa ciwo, don ita ba wasa take ba.

Na kira Inna. Tana ɗauka na fara.

"Inna, wallahi ba haka na ce ba. Yanke maganar aka yi."

"Kukan ma yanke shi aka yi?"

"Dakanki na tuna."

Ta cikin wayar ina jin awaki, ina jin ana zuba ruwa a buta. Na san Baba yana nan, lokacin alwalarsa ne.

"Inna, ki ba shi wayar. Don Allah."

Na ji ta rage murya tana magana. Sannan na ji tasa, daga nesa, ba ihu ba faɗa. "Ki ce mata ta ci namanta can. Ta samu masu ba ta." Inna ta dawo ta ce in yi haƙuri, in bar shi tukuna. Na sake kira bayan kwana biyu, na sake bayan nan. In ya ji ni ce sai ya tashi ya fita. Mutumin da ya sayar da bijimi ya yi mini fasfo da kayan sanyi, wanda ƴan'uwansa suka ce kada ya bar ɗiya mace ta ƙetare ruwa ya ce shi ya san tarbiyyar da ya yi.

A ranar da na fara kiran Inna na fita na sami Madam tana yanka albasa gaban fitilunta. Ban taɓa fara yi mata magana ba, kullum ita ke farawa. Na haɗa kalmomin tun a ɗaki, amma da na zo biyu kawai suka rage.

"Babana mahauci ne."

Ta kashe wayar. "Me kika ce?"

"Mahauci. Yana yanka shanu. Kullum muna cin nama."

Ta dafe ƙirji. "To me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ba ki tambaye ni ba."

Ba ta taɓa tambaya ba kuwa. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin zaki, ko muna da takalmi, ko nisan rijiya nawa ne. Sunan mahaifina da sana'arsa ba su taɓa zuwa bakinta ba. Sai ta fara kuka. Ta ce ita alheri ta yi nufi, ta ce mutane sun so ni, ta ce ai ni na ce ban taɓa ci ba. Ta yi kuka har na ji kamar ni ce zan ba ta haƙuri, kuma wannan ya ƙara mini haushi fiye da komai. Ita ta yi mini ƙarya, ita ce da hawaye. Daga ƙarshe ta goge bidiyon daga shafinta, ta nuna mini ta goge, tana jiran in ce na gode. Na Hausar fa? Wa zai bi wayoyin Madarumfa ɗaya bayan ɗaya ya goge?

Na kira matar ƙungiyar da ke kula da mu. Ta saurare ni da murya mai taushi, ta ce bambancin al'ada ne, ta ce in tuna mutanen nan sun buɗe mini gidansu. Na rubuta wa ɗan ƙasarmu mai ɗora murya, na roƙe shi ya fito ya ce ƙari ya yi. Ya amsa da cewa, "Haba ƙanwata, ai taimakonki na yi, yanzu kin yi suna." Ya sa hoton dariya. Shi ya san mene ne mahauci, ya san mene ne uba, ya san kasuwa. Madam jahilci ne ya ja ta. Shi ban san abin da zan kira nasa ba, kuma har yau ban yafe masa ba.

Na daina fitowa cin abinci sai an kira ni. Ranar Asabar Maigida ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in sa rigar sanyi. Bai ce ina za mu ba. Wani tabki ya kai ni, bai kai namu girma ba, ba kwalekwale ba mata masu wanki. Ya ba ni kujera, ya jefa ƙugiya, muka zauna. Can ya ce, yana kallon ruwa, "Na ga abin da ta rubuta tun ranar. Na san ba haka ba ne. Na yi shiru."

Sai igiyarsa ta ja. Ya yi ta fama har ya fito da wani kifi mai tsawon damtsena, mai ƙiba, irin wanda a garinmu sai an kira maƙwabta su gani. Ya riƙe shi, ya cire ƙugiyar a hankali, ya sunkuya ya mayar da shi ruwa. Kifin ya kaɗa wutsiya ya tafi.

Na miƙe tsaye. "Ya kuɓuce?"

"Na sake shi."

"Don me?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ba don ci nake kamawa ba. A gida nama nake ci."

Dariya ta kama ni har na zauna a ƙasa. Ya tsaya yana kallona, bai san abin da ya faɗa ba. Ni kuwa fuskar Ɗan Ladi nake gani. Na ce masa in ya kama wani ya bari in ɗauka a waya, kuma ya maimaita maganar. Ya kama, ya saki, ya maimaita.

A hanyar dawowa na yi ta tunani. Ban taɓa ɗaga ido na kalli babba ba, balle in mayar masa da magana. Amma ni ɗiyar mahauci ce. Wasan nan gadona ne kamar yadda yake gadon Baba, kuma ba ya duba shekaru. A duk duniya akwai tsoho guda da nake da izinin zagi, kuma shi ne ya jawo.

Lahadi Madam ta tafi coci. Na roƙi Maigida ya tsaya, na ba shi wayata, na ce ya riƙe kada ya kashe komai ya faru. Ban kunna fitilun ba. Na fito da sauran naman Basudanen na yanka, na ɗauki gudumar. Na buga shi da duk abin da ke cikina, har Maigida ya ce in bar wa katakon rai. Gishiri, masoro, da yajin da Inna ta ƙulle mini a leda. Fulawa, ƙwai da nono, fulawa kuma. Mai ya fantsamo mini a hannu. Na farko na yi gaggawar juyawa, ɓawon ya saɓule ya bar naman tsirara. Na biyu na bar shi har gefensa ya yi ja, ya fito daidai. Miyar ta fara gudaji, na tuna talgen tuwo, na rage wuta na yi ta burgawa har ta yi sumul. Na kwarara a kai. Na zauna, na ja farantin gabana, na kalli wayar. Wannan karon da Hausa.

"Baba Ɗan Ladi, ina kwana. Ya ruwa, ya ƙarni? Balkisa ce, ɗiyar Mamman mahauci. An ce ka kai sadaka gidanmu. An gode, kyanwa ta ji daɗi."

Na ɗaga naman da cokali mai yatsu.

"Ka ga wanga? Nama ne. Na san ba ka saba gani kusa ba, kada ka ji tsoro, ba ya da ƙaya. Ni na yanka, ni na soya, a gidan ubana na koyi riƙon wuƙa. Abin da na ce ban taɓa ci ba, wannan farin kunun ne da suke zubawa a kai. Kai ma ba ka taɓa ba, don ba a zuba shi kan tarwaɗa. Kuma ka duba ɗayan bidiyon da zan turo. Na zo ƙasar da ta fi kowace kuɗi, na ga yadda suke yi da sana'arka. Kamawa suke su duba, su ga ba abinci ba ne, su mayar."

Na yanki babbar tsoka na ci, ita na fara ci, a gaban Maigida, ban taɓa dankalin ba. Bai ji ko kalma ɗaya ba amma gashin bakinsa yana motsi.

Na haɗiye. Abin da ya rage ban shirya shi ba, kuma ba wasa ba ne. Na ajiye cokalin.

"Baba Ɗan Ladi, Baba ba ya ɗaukar wayata. In ya ji muryata fita yake. Kai ba zai iya fushi da kai ba, shi ya sa duka ya dawo kaina. Yaya Hadiza za ta turo maka wannan, ba shi za ta ba ba. Ina roƙonka abu guda. Ranar kasuwa, da hantsi, lokacin da ka kai kwandon nan, ka koma teburinsa da mutanenka. Ka kunna da hannunka, ka ƙara murya. In mutane sun fara yi maka dariya kada ka rama. Ka tsaya nan, don Allah, har sai Baba ya faɗi tasa."